Kanula Ba Wasa Ba Ce: Zare Ga Duk Mai Zaman Jinya

1/
Jama'a, yau kan wata 'yar roba zan yi magana. Kusan kowa a cikinmu an taɓa saka masa ita a bayan hannu, ko ya kwana gadin wanda aka saka wa, amma ba wanda ke tambayar komai a kanta: kanula. Zaren da tsawo, ku yi haƙuri. 'Yan uwana na Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa, ku matso kusa. 🧵

2/
Nas ne ni. Na saka kanula ban san adadi ba, na kuma taɓa saka wadda ta ɓaci ban lura da wuri ba. Don haka ba zagin ma'aikata ya kawo ni ba, har da ni a ciki. Maganata ɗaya ce: ɓarnar kanula ba lokacin sakawa ta fi faruwa ba. A awannin da ke biyo baya ne, lokacin da ba wanda ke duba hannun.

3/
Daminar bara aka kai 'yar yayata, mai shekara biyu, wani wurin shan magani da daddare. Zazzaɓi da amai. Ba zan faɗi wurin ba, kar ma ku biyo ni inbos. Aka sa mata kanula a bayan hannu, aka ɗora hannun kan kwali, aka naɗe da filasta tun daga yatsu har kusan gwiwar hannu. Ba ka ganin fata ko kaɗan.

4/
Yarinya ta kwana tana kuka. Sau biyu yayata ta je ta ce, "Malam, hannun nan fa take ta ja." Aka ce mata ai rigimar zazzaɓi ce, kuma ga ruwa nan yana tafiya. Ta leƙa, ta ga da gaske yana ɗiga. Ta koma ta zauna. To me za ta ce?

5/
Da asuba aka kwance filasta. Hannu ya zama kamar an hura balan-balan, ya yi sanyi, ga bororo biyu. Ruwa yana tafiya kam, amma ba cikin jijiya ba, ƙarƙashin fata. Sai da aka yi makonni ana wankin ciwo a Kano. Alhamdu lillahi, yatsunta na aiki. Tabon dai yana nan, da shi za ta girma.

6/
Bari mu fara da ita kanta. Da yawa suna zaton allura ake bari a hannu. A'a. Allurar jagora ce kawai, tana shiga a zare ta, a bar siririyar roba mai laushi cikin jijiyar jini. Launinta kuwa girmanta yake nunawa: rawaya ta jarirai ce, shuɗiya da mai ruwan hoda matsakaita, koriya da mai ruwan toka manya, na gaggawa da tiyata.

7/
Fatarka ita ce katangar da ke tsakanin jininka da dattin duniya. Kanula huda ce a katangar nan, aka kuma bar ta a buɗe dare da rana. Kun san dai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

8/
A watan Mayun 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji na musamman kan kare jini daga ƙwayoyin cutar da ke bin wannan hanyar. Ta ce har kashi 70 cikin 100 na waɗanda ake kwantarwa a asibiti sukan buƙaci irin wannan robar. Wani nazari da aka buga a Amurka a 2015 ya ce kashi 35 zuwa 50 na kanula kan ɓaci tun kafin a gama amfani da su.

9/
Ku lura, wannan lissafin yawanci daga asibitocin da ke da wuta, da kayan aiki, da isassun ma'aikata aka samo shi. Yanzu ku auna da ɗakin yara a watan Satumba, kowane gado a cike da masu maleriya, nas ɗaya ko biyu, ana haska jijiya da fitilar waya.

10/
Matsalar da ta samu 'yar yayata ita ce robar ta goce daga jijiya, ko ta huda ta ta ɗaya gefen, ruwa ya riƙa zuba cikin nama. Alamarta kumburi, fata ta miƙe tana sheƙi, wurin ya yi sanyi idan ka taɓa, ga ciwo. Ka haɗa hannun biyu ka kwatanta, nan take za ka gani.

11/
Don Allah ku riƙe wannan: ɗigar ruwa BA shaida ba ce cewa kanula na nan lafiya. Naman yaro da na tsoho sako-sako ne, zai yi ta karɓar ruwa har hannu ya cika. Wannan "ai yana tafiya" ya cuci yara da yawa.

12/
Idan ruwan gishiri ne zalla ya zuba, kuma aka gano da wuri, da sauƙi. A cire, a ɗaga hannun kan matashi, kwana ɗaya ko biyu jiki ya shanye. Inda ake kuka shi ne idan magani mai ƙuna ne a ciki: ruwan sukari mai kauri, kalshiyam, fotashiyam, fenitoyin da ake ba masu jijjiga, furometazin na amai.

13/
Waɗannan a cikin jijiya jini ne ke tsarma su. Idan suka zuba a nama, ƙona shi suke. Kuma mugun halinsu, ranar farko sai ka ga ɗan ja kawai. Bayan kwanaki fata ta yi baƙi ta mutu. Wasu har sai an yi musu dashen fata.

14/
Akwai kuma wadda ba ta jira. Ruwa ya taru ya matse jijiyoyin hannu, ko filasta ta zagaye hannu ta shaƙe shi. Ciwo mai tsanani da ya wuce misali, yatsu su yi fari ko baƙi-baƙi, su yi sanyi, mutum ya daina jin su, ko ya yi ihu idan aka miƙe su. Wannan maganar awanni ce. Aikin likitan tiyata ne, ba na "bari gari ya waye" ba.

15/
A nan ne nisanmu yake zame mana matsala. Wanda ke Riruwai sai ya ratsa dajin Falgore, ya wuce Tudun Wada, ya fito Kwanar Ɗangora, kafin ya kama hanyar Asibitin Murtala, ko na Malam Aminu Kano, ko na ƙashi na Dala. Da daddare kuwa, wa zai ba ka mota? Mutumin birni yana iya yin sakaci ya gyara. Mu ganowa da wuri ce kaɗai gatanmu.

16/
Sai kumburin jijiya. Wurin ya yi ja, ya yi ɗumi, ana tura magani kana jin raɗaɗi yana hawa hannu, daga baya jijiyar ta yi tauri kamar igiya. Ko dai robar ce ke gugar jijiya, musamman idan a gaɓa aka sa ta, ko zafin magani ne, ko ƙwayar cuta.

17/
Wani nas a Ingila, Andrew Jackson, ya tsara ma'auni a 1998, daga 0 zuwa 5, ana amfani da shi a ƙasashe da yawa. A taƙaice: ɗan ciwo kaɗai ko ɗan ja kaɗai, a sa ido. Amma biyu suka haɗu cikin ciwo, ja da kumburi, a cire a canza wuri. Ba ya buƙatar na'ura. Ido ne da yatsa. Mai jinya ma zai iya.

18/
Wadda ta fi ba ni tsoro ba ta da hayaniya: ƙwayar cuta ta bi robar ta shiga jini. Akwai wata, sitafilokokus, a fatar mutane da yawa take zaune ba ta komai. Ta samu ƙofa kuwa, tana iya zuwa ta zauna a zuciya ko a ƙashi.

19/
Ga yadda take zuwa. Majinyaci ya fara samun sauƙi, rana ta uku ko ta huɗu sai sabon zazzaɓi da rawar ɗari. Kowa ya ce maleriyar ce ta dawo, ko taifod ce. A ƙaro allurai, a kuma tura su ta cikin kanular da ita ce ta kawo ciwon. Duk sabon zazzaɓi ga mai kanula, a fara buɗe hannu a duba.

20/
Sauran da sauri. Idan ta toshe, ba a tura sirinji da ƙarfi, ba a murɗa igiyar ruwa don ta buɗe. Gudan jini ne kake turawa. Idan ana sakawa ka ji kamar lantarki ya ja ka har yatsu, faɗa nan take, an taɓa jijiyar da ba ita ake nema ba. Allurar da aka zaro ba a mayar da ita cikin robar, tana iya yanke ta.

21/
Da kuma robar da ake ɗaure hannu da ita don jijiya ta fito. Wani lokaci safar hannu ce ko guntun igiyar ruwa. Ana mantawa da ita a hannun jariri, hannun riga ya rufe. Abin kamar wasa, amma yana iya cin hannu. Uwa, da an gama, ki ɗaga hannun rigar ki duba da kanki.

22/
Yanzu zan taɓo inda za a ji haushina: tafiya gida da kanula. An rubuta maka allurar kwana uku ko biyar, aka bar maka ita kana zuwa ana turawa. Na san dalili. Ba wanda ke son a yi ta huda shi, kuma kowace sabuwar kanula kuɗi ce.

23/
Amma da hannun nan za a yi alwala sau biyar, a yi wanke-wanke, a shiga bayi. Na ga wanda ya zo da ita daga fadamar shinkafa, filasta ta yi baƙi da laka. Na ga masunci daga Tiga da ita a jiƙe. Na ga wadda murfin ya faɗi aka tsinta a ƙasa aka mayar. Sannan a ɗauko magani a tura duk abin da ke bakin robar zuwa jini.

24/
Idan dole ce ta sa, to kar ta jiƙe, kar a shiga gona da ita, filasta ta yi datti a canza, kuma a goge bakin da sifirit kafin kowace allura. Maganar alwala, malaman fiƙihu sun yi bayanin shafa a kan bandeji, ka tambayi malaminka. Allura ta ƙare, a cire a ranar. Ba a ajiye ta wai ko za a ƙara buƙata.

25/
Kafin duk wannan ma akwai tambayar da ba ma yi: dole ne sai an saka? Mu faɗa wa kanmu gaskiya, mu ne ke roƙo. "Likita, a ɗan ƙara masa ruwa mana." Idan aka ba ka ƙwayoyi ka tafi, sai ka ce wurin nan ba sa duba mutum.

26/
To me ke cikin ledar? Ruwan gishirin da aka fi sawa, giram 9 ne na gishiri a lita ɗaya. Ƙaramar ledar ruwan sukari mai kashi 5, giram 25 ne, wajen ƙaramin cokali shida. Kofin kunu ya fi shi riƙe ciki. Mai launin rawayan nan da ake ce wa "mai ƙarfi", bitamin B aka zuba masa. Shi ke nan.

27/
Kar a fahimce ni baibai. Ƙarin ruwa na ceton rai. Mai kwalara da ya galabaita, mai haihuwa da jini ya ɓalle mata, wanda ya yi haɗari a hanya, wanda ba ya iya haɗiya: kanula ce tsakaninsu da kabari. A nan ba a jayayya, miƙa hannu ake yi.

28/
Amma wanda bakinsa ke aiki, bakin ya fi. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira a Indiya, ledojin ruwa suka ƙare. Dakta Dilip Mahalanabis ya koma ba mutane ruwan gishiri da sukari ta baki. Mace-mace suka sauko daga wajen kashi 30 zuwa ƙasa da kashi 4. ORS ɗin nan da muke rainawa ke nan.

29/
Ruwan kansa ma yana iya yin yawa. A 2011 aka fitar da sakamakon wani bincike kan yara sama da 3,000 masu zazzaɓi mai tsanani a Yuganda, Kenya da Tanzaniya. Waɗanda aka ɗura wa ruwa da sauri sun fi mutuwa cikin awa 48: wajen kashi 10.5, sauran kuma kashi 7.3. Ban da masu gudawa a binciken, su hukuncinsu daban.

30/
Don haka kai mai jinya da ke murɗa ɗan tayan nan don leda ta ƙare da wuri ku tafi gida, ka bari. Yaro mai tamowa, tsoho mai ciwon zuciya, mai ciwon ƙoda, ruwan na iya taruwa a huhunsu. Ka ga numfashi ya canza ko fuska ta kumbura, kira ma'aikaci.

31/
Ko maleriya mai tsanani, ƙa'idar ita ce allurar atesunet aƙalla sau uku cikin awa 24 na farko, idan majinyaci ya iya haɗiya a mayar da shi kan ƙwayoyi na kwana uku. Ba a ce a yi mako ana turawa ta jijiya ba.

32/
Masu kemis, ku ma ga taku. Lasisin da Hukumar Harhaɗa Magunguna ta Ƙasa ke ba mai shagon magani na sayar da magungunan da aka yarje masa ne. Bai haɗa da allura ko ƙarin ruwa ba. A Kano akwai hukumar PHIMA da ke sa ido kan wuraren lafiya masu zaman kansu, tana kuma rufe na bogi.

33/
Na san amsar: "Ƙarfe biyun dare a ƙauye, ina za mu je?" Gaskiya ce, ban raina ta ba. Amma ruwan da aka rataya a ƙusa, mai shago ya tafi ya kwanta, wa ke duba hannun? Rufe shago kaɗai ba zai magance ba idan asibitin kusa ba shi da ma'aikaci da daddare. Duka biyun ake buƙata.

34/
To, kana zaman jinya ka ga hannu na kumbura. Kira ma'aikaci yanzu, ba anjima ba. Idan ba a zo ba kuma kumburin na ƙaruwa, rufe ruwan ka koma ka sake kira. Tun farko ka roƙi a nuna maka yadda ake rufewa. Amma kar ka zare kanular da kanka. Idan magani mai ƙuna ne, ta cikinta ake fara zuƙo abin da za a iya kafin a cire.

35/
Bayan an cire: a ɗaga hannu, a zagaye iyakar kumburin da biro don a san ko yana faɗaɗa, a ɗauki hoto da waya. Tambayi sunan maganin da ke ciki, ka rubuta. Gashi da ruwan ɗumi ko sa sanyi, wannan ya danganta da maganin, ma'aikaci ne zai faɗa.

36/
Ban da murzawa. Ban da man zafi. Ban da fasa bororo. Ban da kai wa wanzami ya yi tsaga ko sakiya. Ka ga mugunya, ko jan layi na hawa hannu, ko zazzaɓi, ko fata ta fara duhu, a koma asibiti a ranar, ko da an riga an sallame ku.

37/
Wani zai tambaya: kwana nawa ya kamata ta yi? An daɗe ana koyar da awa 72 zuwa 96. A 2012 mujallar Lancet ta buga bincike daga Ostareliya kan majinyata 3,283. Wasu ana canza musu bayan kwana uku, wasu sai an ga dalili. Kumburin jijiya ya zo daidai, kashi 7 a kowane ɓangare.

38/
Wasu abokan aiki sun ɗauki wannan a matsayin izinin barin kanula sai ta ɓaci. Ba haka binciken ya ce ba. Can, ana duba hannun ne a kai a kai. Ni a ganina, inda ba mu da tabbacin za a duba, gara a rubuta kwanan wata a jikin filasta, babba ya cika kwana huɗu a sake tunani. Wadda aka saka cikin gaggawa ba tsabta, kar ta wuce awa 48.

39/
'Yan uwana ma'aikata, abin da nake roƙo ba ya cin kasafin kuɗi. Wanke hannu. Goge fata, a bar ta ta bushe. Ka gwada sau biyu ba ka samu ba, kira wani, ba abin kunya ba ne. Rubuta rana. Bar yatsu a waje, bar taga a filasta inda za a ga fata. Yaron da ruwa ke tafiya a jikinsa, duk awa a leƙa.

40/
"Duk awa? Ni kaɗai da gado talatin?" Na sani, wallahi na sani. Shi ya sa nake cewa mu daina korar masu jinya. Uwar nan da ke zaune ba ta barci. Minti ɗaya ya isa ka nuna mata abin da za ta duba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ta ce kukan ya canza, tashi ka je.

41/
Hukumar Kula da Asibitoci ta Jihar Kano da ta Lafiya Matakin Farko, da wakilanmu na Ƙiru/Bebeji da Tudun Wada/Doguwa: ginin asibiti na da kyau a hoto. Amma ku riƙa tambaya, ma'aikata nawa ke kwana? Akwai fitila a ɗakin yara? Akwai filasta mai gani-har-hanji da ƙananan kanula na jarirai, ko sai uba ya fita nema da tsakar dare?

42/
Ku kuma masu jinya, a yi magana da ladabi, amma a yi. "Sista, don Allah ki duba min hannun nan." "Yaushe aka saka ta?" "Har yanzu ana buƙatarta?" Ba rashin kunya ba ne. Ihu da zagi ne ke sa a daina sauraronka.

43/
Watan jiya aka kwantar da ƙanin yarinyar nan, shi ma zazzaɓi. Ana ɗauko filasta yayata ta ce, "Sista, don Allah a bar min yatsun a waje, a kuma rubuta kwanan wata." Sista ta ɗago ta ce, "Hajiya, ke ma ma'aikaciya ce?" Ta ce, "A'a, an taɓa yi min ne." Sista ta ciro biro ta rubuta. Rana ta biyu yaro ya fara shan kunu, aka cire, aka mayar da shi kan na baki.